Bakaniken da ya raba ni da kukan birkin baya

Bajaj Boxer nake hawa, kullum daga Samaru zuwa Sabon Garin Zariya in dawo. Tun tsakiyar damina birkin baya ya fara wani irin kuka, ƙiiii, musamman da sassafe ko in na ratsa ruwa. Har ta kai idan na shigo layinmu, yara sun san ni ne tun ban ɓullo ba.

Wurin farko da na kai, ko tayar ba a cire ba. An ƙara ɗaure notin birki aka ce in tafi. Kukan bai daina ba, sai ma hob ɗin, wato cibiyar tayar, ya riƙa ɗaukar zafi, don takalman birkin suna gugar dram, wato kwanon ƙarfen da suke kamawa, ko ban taka ba. Wani ma cewa ya yi in ɗiga baƙin mai a ciki. Don Allah kada kowa ya yi wannan. Ƙarar za ta lafa, amma birkin ya tashi aiki, ranar da akuya ta gifta maka za ka gane.

Wani abokin aikina ne ya nuna min wani dattijon bakanike da ke da rumfa a Sabon Gari. Abin da ya fara burge ni, sai da ya hau babur ɗin ya zagaya, ya taka birki sau uku ko huɗu yana saurare. Sannan ya girgiza tayar gefe da gefe, ya ce boris, wato ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kai, lafiya lau. Da ya buɗe, cikin dram ɗin cike da ƙura da busasshen taɓo da ɗan tsatsa. Takalman kuma ba su cinye ba, amma fuskarsu ta yi sumul tana ƙyalli kamar tangaran. Ya dube ni ya ce, "Malam, kana ɗora ƙafa a kan birki kana tafiya ko?" Gaskiya ne, ina yi. Zafin gugar nan ne ya ƙona fuskar takalman.

Ya goge dram da samfefa, ya karce takalman har ƙyallin ya fita, ya ɗan zaftare bakinsu. Ƙarfen nan da ke juyawa ya buɗa takalman ya bushe ƙamas, ya zare shi ya wanke, ya shafa giris ɗan kaɗan, yana kaffa-kaffa kada ya taɓa inda birki ke kamawa. Ɗaya daga cikin sifirin da ke janyo takalman baya ya riga ya saki, shi kaɗai na saya. Wajen mayar da taya ya sa yaronsa ya danne birki kafin ya ɗaure babban noti, don takalman su zauna daidai a tsakiya. Ya bar wa abin takawar wasa kamar santimita 2 zuwa 3.

Inda na ga gazawarsa, jira. Na fi awa ɗaya a kan benci kafin a zo kaina, rumfar kuma ba ta da wadatacciyar inuwa. Yaron ma ya bar sarƙa ta yi tauri, sai da na yi magana aka sassauta.

Yau mako biyar ke nan, an sha ruwan sama har sau nawa, ban sake jin kukan ba. Dattijon ya ce in dawo bayan damina a sake buɗewa a kakkaɓe, kuma in Allah ya yarda ranar zan sa ya duba na gaba ma.