Gwanjo Ko Sabo: Inda Malamar Sana'ar Hannu Za Ta Sayi Kayan Koyarwa

Duk wadda take koyar da ɗinki ko saƙa ko rini, a makaranta ne ko a tsakar gidanta, ta san cewa makonnin farko na ɗaliba makonnin ɓarna ne, domin yadi zai yanku a karkace, ɗinki zai kauce a farke shi a sake, zare kuma zai cukurkuɗe. Saboda haka kafin malama ta shiga kasuwa da ɗan kuɗin da ɗalibai suka haɗa, ya kamata ta raba kayan da za a ɓata wajen koyo da kayan da za a yi aikin ƙarshe da su. A Kano wurare uku ne a gabanta: 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai, shagunan teloli na unguwa, da Kantin Kwari inda ake sayar da sabon yadi.

A ganina gwanjo ne ya fi dacewa da watannin koyo, amma sai an san abin da ake nema. Malama ba adon riga take saye ba, faɗin yadi take saye, don haka zanen gado da labule sun fi riguna amfani nesa ba kusa ba, tunda zanen gado ɗaya zai ishi ɗalibai da dama su koyi yanka da miƙaƙƙen ɗinki. A ɗaga shi sama ta fuskar rana a duba tsakiyarsa, domin nan ne yake fara sirancewa, kuma idan haske yana ratsa shi sosai to zai yage a ƙarƙashin allura. Tsohon wandon jins yana yin jaka mai ƙarko, sai dai yana buƙatar allura mai kauri, lamba 16 ko 18.

Ga mai koyar da rini kuwa, dole ne ta tabbatar cewa yadin auduga ne, saboda shuni ba ya kama yadin roba. Idan takardar wuya mai nuna irin yadin ta goge, a zaro ɗan zare daga gefe a kusanta shi da wutar ashana: auduga tana ci da ƙauri irin na takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. Mai koyar da saƙa ita ma tana da rabonta a rigunan sanyi, musamman bayan hunturu ya wuce masu saye sun ragu. Ta juya rigar ta duba haɗin gefe. Idan an saƙa kowane ɓangare daban aka haɗa, zaren zai warware dogo, amma idan yanka saƙar aka yi aka bi bakin da keke, guntaye kawai za ta samu. Zaren da aka warware yakan zo a lanƙwashe, sai a jiƙa shi a rataye ya miƙe kafin a ba ɗaliba da kwarashi.

Ba na ba malama shawarar sayen dila guda, ko da an yi mata ragi, domin a ɗaure take zuwa ba a ganin cikinta, kuma abin da ya yi wa mai sayar da tufafi riba ba lallai ne ya yi wa aji amfani ba. Gara ta bari a fasa dila, masu neman na sawa su gama zaɓensu, sannan ta tsinci nata a cikin ragowar da farashinsu ya sauka. Duk abin da ta sayo kuma a wanke shi da ruwan zafi da sabulu, a shanya a rana, a goge, kafin ya shiga hannun yara.

Ƙyallayen teloli sun fi komai araha, kuma suna yawaita gab da Sallah. Suna da kyau wajen koyon ɗinkin hannu da sa maɓalli da haɗa rigar matashin kai, iyakarsu ke nan.

Sabon yadi na Kwari a ajiye shi sai aikin da ɗaliba za ta nuna ko ta sayar, domin yarinyar da ta yi wata uku tana fama da tsohon labule ta cancanci ta yanka atamfar da ita ta zaɓa. Haka nan almakashi da allura da zaren ɗinki a saye su sababbi, saboda tsohon zare yana tsinkewa, ɗaliba kuma ta ɗauka hannunta ne bai iya ba.

Keken ɗinki kuwa wanda aka riga aka yi amfani da shi ba laifi ba ne, musamman tsofaffin Singer da Butterfly masu kan ƙarfe, waɗanda masu gyaransu da kayan gyaransu ba su da wuyar samu. A tafi da mai gyara, a kuma tafi da ƙyalle biyu, marar kauri da mai kauri, a ɗinka su a gaban mai sayarwa, sannan a juya a duba ɗinkin ƙasa. Idan keken yana tsallake ɗinki ko zaren ƙasa yana taruwa, a cire kuɗin gyara daga farashin kafin a biya.