Duwatsun sanyaya wuski na Teroforma: abin da suke iyawa da inda suka gaza

Tun shekarar 2007 kamfanin Teroforma na Amurka ya fito da waɗannan ƙananan duwatsu masu kusurwa huɗu, waɗanda ake yankowa daga wani dutse mai laushi da santsi a jihar Vermont. Alkawarin da aka yi wa mai saye shi ne zai sanyaya wuskinsa ba tare da ruwan ƙanƙara ya tsinka shi ba. Rabin wannan alkawari gaskiya ne, domin dutse ba ya narkewa, amma batun sanyin yana buƙatar a duba shi da kyau kafin a fitar da kuɗi.

Ƙarfin ƙanƙara yana cikin narkewarta ne. Kowane giram ɗaya na ƙanƙara yana shanye zafin da ya kai jul 334 (jul ma'auni ne na yawan zafi) kafin ya zama ruwa, alhali giram ɗaya na wannan dutse bai wuce ya ɗauki kimanin jul ɗaya ba a duk digirin da ya ƙaru. Ko da an ciro dutsen daga firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salsiyas, aikin da zai yi bai kai kashi ɗaya cikin goma na aikin ƙanƙara mai nauyinsa ba. Shi ya sa idan aka jefa guda uku cikin tambulan, za a ga farin raɓa ya lulluɓe su, gilashin ya ɗan yi gumi daga ƙasa, amma ba da jimawa ba sanyin ya gushe.

Duk da haka ban ɗauke su a matsayin kayan banza ba. Masu harkar wuskin Sikotland, wanda doka ta ce sai ya shekara uku a gangar katako kuma ƙarfin barasar da ke cikinsa ya kai kashi 40 cikin ɗari, sun fi son a miƙa shi tsakanin digiri 15 zuwa 18, saboda sanyi mai tsanani yana danne ƙamshin da aka ɓata shekaru ana nema. A ɗaki mai ɗumi, ɗan sanyin da duwatsun ke kawowa shi ne daidai abin da ake buƙata. Laushinsu kuma ya sa ba sa karce gilashi, wanda ba za a ce haka ba game da masu arha da ake yi da dutse mai tauri.

Inda na fi ƙorafi shi ne yadda tallarsu ke nuna ruwa kamar abokin gaba ne. Binciken da aka buga a 2017 daga Jami'ar Linnaeus ta Suwidin ya nuna cewa ƙara ruwa yana taimaka wa sinadarin da ke ba da ƙamshin hayaƙi ya taso saman abin shan, don haka mai amfani da duwatsun zai ci gaba da buƙatar ɗan ruwa a gefe.

Sai an bar su kimanin awa huɗu a firiza, abin da ke da wuya inda wutar lantarki ba ta tsayawa, kuma idan ba a sa su cikin 'yar jakar da suke zuwa da ita ba raɓar da ke kansu takan kwashi warin kifi ko nama. Wajibi ne kuma a karkata tambulan a hankali, domin sukan gangaro su bugi haƙori. Wanda yake son sanyi sosai gara ya nemi babban dunƙulen ƙanƙara guda ɗaya, wanda ke narkewa sannu a hankali.