Inda na canza gilashin bayan motata a Maraɗi, da yadda aikin ya kasance

Salamu alaikum jama'a. Tun da aka ga motata ta daina yawo da leda a baya ake ta tambayata a ina aka sa gilashin, nawa na kashe, kuma aikin ya yi ko bai yi ba, to bari in faɗa gaba ɗaya kowa ya huta. Sunan shagon dai ba zan kama ba tunda akwai wurin da zan yi ƙorafi kuma ba na son in taɓa wa bawan Allah abincinsa, rumfa ce dai cikin masu kayan mota a nan cikin gari, dattijo ne da yaransa, aikinsu gilashin mota kawai ba sa haɗawa da kanikanci.

Motar Toyota Corolla ce 2006 mai but. Iskar farkon damina ce ta karyo reshen bedi ya faɗo mata a baya, gilashin ya tarwatse gaba ɗaya ya zube kan kujera ƙanana ƙanana kamar tsakin masara. Abin da na fara tambayar dattijon shi ne ko akwai dabara, ya ce Alhaji na baya ba ya gyaruwa sai canji. Ya yi min bayani kuma na gamsu, wai na gaba falle biyu ne da roba a tsakani shi ya sa in dutse ya same shi sai ya tsage ya tsaya a wurinsa har kana iya tafiya da shi a haka, shi kuwa na baya falle ɗaya ne da aka gasa da wuta aka huce shi da sauri, yana da ƙarfi sosai amma ranar da ya fashe duka yake tafiya, kuma da gangan aka yi shi haka don kar ya karye da manyan ɓaraguzai masu kaifi su yanka mutanen da ke zaune a baya. Saboda haka ma ba a yanka shi, ba a huda shi, yadda ya fito daga kamfani haka za a sa shi.

Wannan maganar ta ƙarshe ku riƙe ta da kyau dan Allah. Kafin in zo wurinsa na biya wani wuri inda aka ce min za a yanko min gilashi daidai da ramin a manna, kuɗin kuma ƙasa da rabi. Duk gilashin da aka iya yankawa da abin yanka a gabanka to ba gasasshe ba ne, kuma in na tagar gida ne aka sa maka ranar da tsautsayi ya zo yaranka ne a kujerar baya. Ni wallahi abin ya tsaya min a rai, don na san akwai masu taksi da ƴan kasuwa masu zuwa ƙauye da ke karɓar irin wannan saboda rashin kuɗi, ba su san abin da suka ɗauka ba.

Dattijon ya ba ni zaɓi biyu, sabo ɗan China ko na hannu wanda aka ciro daga jikin wata Corolla. A rumfar babu ko ɗaya mai shiga tawa, ya ce sai an kawo daga Kano, a sako shi a mota ta Katsina da Jibiya ya shigo ta Dan Issa. Na tambaya ko babu na Kwatano ya ce tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan can sun yi wuya sun yi tsada, yawancin abin da yake samu yanzu ta Najeriya yake zuwa. Kafin ya yi waya sai da ya zagaya motar ya auna ramin da tef sama da ƙasa, ya ɗauki hoto ya tura wa mutuminsa ta WhatsApp, ya ce Corolla ɗin nan kala kala ce, akwai mai but akwai mai ƙofa a baya wadda gilashinta ke da huda ta abin share ruwa, in ba a auna ba sai a kawo maka abin da ba ya zama kuma an riga an biya kuɗin mota. Na zaɓi na hannu bisa shawararsa. Mun daidaita a jika 55, wato sefa dubu 55, har da kawowa da gam da kuɗin aiki, na ba da rabi. Na san wani zai ce ya yi tsada, wani kuma zai ce shi an yi masa ƙasa da haka, farashin yana bin canjin naira da sefa ne da kuma irin motar, ni dai abin da na biya kenan.

Da gilashin ya iso bai sa ba sai da ya kira ni na zo na gani. Ya jingina shi a rana ya nuna min tambarin da ke kusurwar ƙasa, akwai sunan Toyota da harafin E cikin da'ira da lamba a gefensa, da 43R, ya ce wannan shaidar an gwada gilashin ne bisa ƙa'idar Turai. Ya sa na bi siraran layukan nan masu ruwan ƙasa da ke kwance a jikin gilashin ɗaya bayan ɗaya da ido ko akwai wanda ya kankare, ya nuna min ƴan ƙarafuna biyu na gefe inda ake soka wayar wuta duk suna nan ba su ɓalle ba. Mutane da yawa a nan suna ɗauka layukan ado ne ko kuma na ƙasashen ƙanƙara ne kawai, alhali in ana ruwa da dare an rufe tagogi mota cike da mutane gilashin baya yana yin hazo ka daina ganin komai ta madubi, su ne ke ɗumama shi ya washe. Wasu motocin ma eriyar rediyo a cikin gilashin take.

Aikin sawar shi ne ya sa na ce zan rubuta wannan, don a nan na ga bambancin mai sana'a da mai neman kuɗi kawai. Sun fara cire kujerar baya da allon da ke ƙarƙashin gilashin inda sifiku da fitilar birki ta tsakiya suke, suka shimfiɗa tsohon bargo a kan but saboda fenti. Sauran ɓaraguzan da suka maƙale a gefe gefe cikin tsohon gam, yaro ɗaya a ciki ɗaya a waje suka zura siririyar waya suna ja kamar masu zarto har suka zagaye ramin. Daga nan dattijon ya karɓa da kansa, ya sa wuƙa mai faɗi yana fere tsohon gam ɗin a hankali amma bai kankare shi har ƙarfe ba, ya bar ɗan siriri baƙi a kwance ko'ina, ya ce sabon gam ya fi kama ɗan'uwansa fiye da yadda yake kama fenti. A kusurwar hagu ta ƙasa ya tarar da tsatsa kaɗan, wurin bai fi faɗin ɗan yatsa ba, ya kira ni ya nuna min, ya goge da samfefa har ƙarfen ya yi fari sannan ya shafa wani baƙin ruwa daga ƴar ƙaramar kwalba ya bar shi ya bushe. Ya ce in aka rufe tsatsa da gam to ta ƙarƙashi za ta ci gaba da ci, shekara mai zuwa ruwa ya riƙa shiga but kana neman ta inda yake shiga ba ka gani.

Gam ɗin da ya sa baƙi ne na gilashin mota, polyurethane aka rubuta a jikin kwalin, ya nuna min kwanan watan lalacewarsa kafin ya fasa. Ya yanka bakin robar ya yi masa tsaga yadda gam ɗin ke fitowa a tsaye da tsini, ya zagaye ramin a ja ɗaya bai ɗaga hannu ba sai a inda ya haɗe da farko, nan ma ya sa ɗan itace ya lallaɓa mahaɗar. Na tambaye shi silikon fa, wanda ake cewa ya fi araha, sai ya girgiza kai ya ce Alhaji wancan na bahon wanka ne da tagar gida, mai warin tsami ɗin nan ma cin ƙarfe yake yi, kuma duk wurin da ya taɓa gam na gaskiya ba ya ƙara kamawa sai an sha wahala. Mutum biyu suka ɗauko gilashin, suka saita da alamar da ya riga ya yi da tef, suka ɗora sau ɗaya suka danna da tafin hannu, babu ɗagawa a sake. Sai ya kafe shi da tef daga rufin mota don kar ya zame ƙasa.

Sharuɗɗan da ya ba ni kafin in tafi, kar a wanke motar sai bayan kwana biyu, kar a buga ƙofa da ƙarfi, in bar taga ɗaya a ɗan buɗe saboda in an rufe ƙofa iska tana tura gilashin waje alhali gam bai gama kamawa ba, kuma in haƙura da hanya mai gargada, ya ce ko kasuwar ƙauye gare ni in ɗaga tafiyar. Wani abu da ya faɗa wanda ban taɓa ji ba, shi wannan gam ɗin da laimar iska yake bushewa, da damina yana saurin kamawa amma da hunturu lokacin buji da iska ta bushe ƙarau ya fi daɗewa, don haka mai sa gilashi a watan Janairu ya ƙara haƙuri fiye da ni. Tun daga lokacin an yi ruwa mai ƙarfi ba sau ɗaya ba, na ɗaga kafet ɗin but na taɓa har ramin safaya babu ko ɗigo, na hau kwalta zuwa Tibiri da Madarunfa da gudu babu fito babu ƙara.

To yanzu inda ban ji daɗi ba. Alƙawarin lokaci babu shi sam, an ce min jibi gilashi zai iso amma sai da na gaji da kira, kullum mota na hanya, mota ta tsaya a iyaka, kuma ba su taɓa kirana da kansu sun ce ga halin da ake ciki ba sai ni in na kira. Ni ban ce laifinsu ne abin da ke faruwa a hanya ba, amma mutum ya bar rabin kuɗinsa yana yawo da leda cikin damina ai ya cancanci a ɗaga waya a gaya masa gaskiya, in mako ne a ce mako ya san shirin da zai yi.

Na biyu shara, kuma wannan ya fi ɓata min rai. Ba su da injin zuƙe datti, tsintsiya da tsumma suka sa, sama sama. Da na koma gida na tura hannu tsakanin kujera da majingina sai ga ɓaraguzai cike da tafin hannuna, akwai cikin ramin bel, akwai kan sifiku suna ƙara in an kunna rediyo, ƙaramar ƴata ta tsinci ɗaya tana wasa da shi Allah ya kiyaye ba ta kai baki ba. Sai da na kai wurin wankin mota masu inji bayan kwana biyun sun cika na sake biyan kuɗi aka zuƙe. Mai aikin da ya iya tsayawa kan tsatsa mai faɗin yatsa bai kamata ya saki mota da gilashi a inda yara ke zama ba. Sannan yaron da ya mayar da allon baya ya manta bai soka waya ɗaya ta layukan ɗumamawa ba, ranar da na danna maɓallin cikin ruwa shiru hazo bai tafi ba. Da na koma dattijon bai yi musu ba, ya ba ni haƙuri ya yi wa yaron faɗa a gabana ya buɗe ya soka da kansa, ko dala bai karɓa ba, ya sa na kunna muka ɗora hannu muka ji gilashin ya ɗau ɗumi sannan ya sallame ni. Rasit ma sai da na roƙa aka rubuta min a takardar littafi.

Masu tambaya ko inshora ta biya, a'a. Wadda yawancinmu muke yanka ta dole ce, mai biyan ɓarnar da ka yi wa wani, gilashin motarka ba ya ciki sai in ka ƙara kuɗi an rubuta maka shi daban a takarda, ku duba taku tun kafin abu ya faru.

In an tambaye ni ko zan koma, zan koma, kuma na riga na tura wani abokin aikina mai Hilux. Amma na ce masa kar ya ba da fiye da rabi sai ya ga gilashin da idonsa ya duba tambari, ya tsaya a wurin lokacin da ake fasa gam, ya gwada maɓallin ɗumamawa da fitilar birki kafin ya bar rumfar, kuma ya ware kuɗin masu injin shara daban don a can ba za a yi masa ba.