Wasiƙa daga Grimsby: wutar da ake ɗebowa daga teku

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kuna lafiya, da Hajiya da yara. Na saurari saƙonka na ranar Juma'a, da ƙyar na tsinci maganarka saboda rurin janareton shago. Ka tambaya ko da gaske ne iska ce ke ba mu wuta a nan Ingila. Gaskiya ne, duk da dai ba ita kaɗai ba ce.

Garin nan da can na masunta ne. Da harkar kifi ta durƙushe, ya zama kamar Bompai da Sharaɗa bayan masaƙu sun rufe. Yanzu da asuba in zan fita aiki, nakan ga samari da rigunan ruwan goro da hulunan kwano suna shiga jiragen ruwa, za su je gyaran manyan fankokin da aka kakkafa cikin teku. In gari ya washe, daga bakin ruwa kana hango na kusa, fari fat, suna juyawa a hankali. Manyan sun yi nisan da ido ba ya kaiwa. Cikinsu akwai tashoshi biyu da ake kira Hornsea: ta ɗaya tana da fanka 174, tana iya ba da megawat wajen 1,200. Ta biyu 165, sama da megawat 1,300. In iska ta kama sosai, su biyun nan sun kai kusan rabin abin da Najeriya gaba ɗaya ke rabawa a rana mai kyau. A Hull, ƙetaren kogi, kamfanin Siemens ya buɗe masana'antar fukafukansu a 2016. Na ga guda a kwance a tashar jirgi, tsawonsa mita 81. Na tsaya ina kallo, kai ka faɗo mini a rai da yaranka na Ƙofar Ruwa. Wallahi da za a ba su horo, waldar turakun nan ba za ta gagare su ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne alƙawari. A 2008 gwamnatin Leba ta yi dokar rage hayaƙi. A 2010 mulki ya koma hannun abokan hamayyarta, ba su ce aikin wancan ne su watsar ba, suka ɗora. Suka fito da tsari: a yi gwanjo, kamfanin da ya ci a ɗaure masa farashi ɗaya na shekara 15. In farashin kasuwa ya faɗi a cika masa, in ya haura shi ya mayar da rarar. Da takardar nan yake zuwa banki a ba shi bashi da sauƙi, tunda kowa ya san abin da zai shigo. Ka tuna lokacin da ka ƙi karɓar aikin ƙofofin nan saboda ba a tsayar maka da kuɗin ƙarfe ba? To haka suma suke lissafi.

Su ma sun yi tuntuɓe. A gwanjon 2023 gwamnati ta ƙayyade fam 44 kan kowane megawat na awa ɗaya, alhali ƙarfe da ruwan bashi sun yi tsada. Ko kamfani ɗaya na fankokin teku bai leƙo ba. Ba a yi ta musu ba, aka ɗaga zuwa fam 73, a 2024 suka dawo. A watan Satumbar shekarar aka rufe tashar kwal ta ƙarshe a ƙasar.

Kada ka ɗauka wutar da araha. Mitata ta kati ce, da sanyi kuwa cin kuɗi take kamar ba gobe, don har yanzu farashin iskar gas ne ke jan na lantarki. Amma tun zuwana sau ɗaya aka ɗauke, shi ma sai da aka turo saƙo a waya tukuna. Kayan miya kam kun fi mu; tumatirin nan ba ya jin ƙamshi, ba kamar na Kadawa ba.

Na san Kano ba teku. Amma ga Lambar Rimi a Katsina, fanka 37 na megawat 10 kacal, tun Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna aka faro maganar, aka shafe sama da shekara goma ana jan ƙafa. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ga rana muna da ita har ta yi yawa, ga tashar sola ta Kumbotso da aka buɗe a 2023, ga ruwan Tiga da Challawa. Dokar lantarki ta 2023 ma ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu. In masu neman ƙuri'a sun zo ƙungiyarku ta maƙera, ku tambaye su a rubuce: farashin nawa za su ɗaure wa mai zuba jari, na shekara nawa, kuma wa zai biya in gwamnati ta canza.

Ka faɗa mini nawa dizal ke ci maka a mako yanzu, in gani ko za mu haɗa kuɗi a sa sola ko da ta fitilu da fankar ɗakin Hajiya ce. Ka gaishe ta da kyau, ka ce kuka da daddawar da ta aiko sun iso.