Na shiga ramukan yaƙin Cu Chi, har yau gwiwata ba ta yafe min ba

Yaya barka da war haka, ya iyali ya jikin Hajiya. Kun daɗe kuna min tsiya wai tunda na zo Biyetnam ba abin da nake turowa sai hoton babura, to yau ga labari. Ran Lahadi na je Cu Chi, haka suke rubutawa amma in sun faɗa sai ka ji kamar "ku ci", kuma wallahi sai da aka ba mu abin ci ɗin a ƙarshe.

Ramuka ne a ƙarƙashin ƙasa, wajen kilomita 70 daga birnin Ho Chi Minh inda nake. Tun ƙarshen shekarun 1940 mutanen ƙauyukan suka fara haƙawa lokacin da suke fama da Faransa, da Amurka ta shigo a shekarun 1960 sai suka yi ta ƙarawa har tsawon ya kai wajen kilomita 250, duk aikin kuma da 'yar fartanya da kwandon gora aka yi shi. Hawa uku ne, ciki har da kicin da rijiya da wurin jinyar masu rauni.

Kamfanin yawon buɗe ido na biya, na rabin yini, don jirgin ruwan da ke bi ta kogin Saigon ya fi ƙarfin aljihuna. Gaskiya na sara musu a wajen lokaci, ƙarfe takwas suka ce ƙarfe takwas mota ta tsaya ƙofar gidana, ba irin "ga mu nan muna hanya" ɗinmu ba, ga esi ga ruwan gora ga ɗan jagora mai jin Turanci. Amma fa su ma da nasu wayon, a hanya suka ajiye mu wani shagon kayan ado kusan minti 40 ba wanda ya faɗa mana yana cikin tsari, kayan kuma tsada kamar me, hannuna a aljihu na fito. Sannan ɓangaren Ben Dinh suka kai mu inda Turawa ke cika maƙil. Sai daga baya abokin aikina ke ce min ai da bas na hau, lamba 13 sannan 79, da kuɗi kaɗan zan sauka Ben Duoc, ɗaya ɓangaren ramukan, inda 'yan ƙasar suka fi zuwa, ba cunkoso, can ne ma aka rubuta sunayen mamatan yaƙin sama da 40,000 a jikin bango. Na ji haushi.

Abin da ya fi ɗaure min kai ƙofar shiga. Muna tsaye cikin daji jagoran ya ce mu nemo ta, muka yi ta dube-dube a banza, sai ya sa ƙafa ya share busasshen ganye, ashe kusan a kanta nake tsaye, murfin bai fi tiren shayi ba. Hujin shan iska kuma sun yi shi kamar suri, hayaƙin girki ma ta wasu ɗakuna yake bi ya fita can nesa kaɗan-kaɗan don kada jirgi ya hango. A 1967 Amurka ta turo soja kusan 30,000 su share yankin, ga kwazazzabon bam ɗin jirgin yaƙi B-52 nan har yanzu, amma ramukan ba su ƙare ba.

Shigar kuwa Yaya, hmm. Wai an faɗaɗa saboda baƙi, amma a tsugune kake tafiya kamar agwagwa, kafaɗa na gogar bango, zafi, duhu, ga wani ƙaton bature ya toshe gabana yana haki. Mita 100 ne, duk mita 20 akwai mafita. A ta biyu na fito ina salati, riga sharkaf. Mutane kuma sun yi watanni a ciki, da zazzaɓin cizon sauro da kunama.

Abu ɗaya ne bai min ba, filin harbi. Harsashi ake sayar maka ka harba AK-47, kana tsaka da jin labarin waɗanda suka mutu sai ka ji tatatata, baƙi na ta dariya. Ni da na san me wannan ƙarar ke nufi ko leƙawa ban yi ba.

Daga nan aka zaunar da mu kan benci aka kawo dafaffen rogo da dakakkiyar gyaɗa mai gishiri da sukari, da shayi, wai abincin mayaƙan kenan. Turawa na ta juya shi suna ɗaukar hoto, ni kam bismilla kawai na yi, har na wanda ke gefena na taya shi. A bakin fita kuma takalmin taya suke sayarwa irin wanda mayaƙan suka sa, na kusa dariya da na ji kuɗin amma ɗinkin ya yi kyau. Turo min lambar ƙafarka in na koma ta Ben Duoc in duba maka, 43 ne ko 44?