Raga ko tiyo: wanne ya fi wajen kwashe 'ya'yan jatan lande daga tanki?

Ɗan'uwa, mun ga tambayarka. Ka ce za ku tashi daga shiƙƙar (gidan haya) da kuke ciki a Jidda zuwa wata unguwa, tankinka na gilashi mai lita 60 cike yake da jajayen jatan lande, ga 'ya'ya rututu, kana son sanin ko da raga za ka kamo su ko da tiyo za ka zuƙo su. Allah ya sanya alheri a ƙaurar. Dukansu biyun za ka buƙata, sai dai aikinsu ba ɗaya ba ne.

Irin da kake da shi, wanda masu shago ke kira ceri, sunansa na kimiyya Neocaridina davidi. Uwar takan riƙe ƙwai 20 zuwa 30 a ƙarƙashin cikinta na kusan wata guda, ɗan kuma ya fito da cikakkiyar siffar babba, tsawonsa milimita 1 zuwa 2, jikinsa garau babu launin kirki. A makonnin farko ba ya yawo. Yana maƙale a gansakuka, ko a soson matata (na'urar tace ruwan tanki), ko tsakanin tsakuwa, yana cin santsin nan da ke fitowa a jikin kayan tanki. Idan ka ƙirga goma da ido, ka ɗauka akwai wasu da yawa da ba ka gani ba.

Raga tana da sauri, manya kuwa babu abin da ya fi ta. Jatan lande idan ya firgita da baya yake zabura, saboda haka ka kafa ragar a bayansa, ka matso da yatsa ta gabansa, da kansa zai faɗa. Matsalarta tana wajen yara. Ragar kifi ta yau da kullum idanunta sun yi musu faɗi, wasu su zube, wasu ƙafa ko gashin baki ya sarƙe a zare. Ko mai ƙananan idanu ka samu, da zarar ka ɗaga ta sama yaran sun manne a jiƙaƙƙen ƙyallen, kai kuma garin kakkaɓe su sai ka murƙushe su. Ɗan jatan lande yana yawan saɓa, kuma wanda bai daɗe da saɓa ba jikinsa taushi ne ƙwarai. Ga kuma dama ruwa: kora biyu ko uku, dattin ƙasa ya tashi, ba ka ƙara ganin komai. Idan raga ta zama dole, kada ta bar ruwa. Ka zura kofi ƙarƙashinta tun tana ciki, ka ɗago su tare. Haka za ka yi wa uwaye masu ƙwai, domin wahala kan sa su zubar da ƙwan.

Tiyon da muke nufi shi ne siririn nan na famfon iska, mai faɗin milimita 4 a ciki, ba babban tiyon wanke tsakuwa ba. Ka yanki mita ɗaya da rabi, ka ɗaure bakinsa a jikin tsinke mai ƙarfi don ya yi saiti. Ka nutsar da shi ya cika da ruwa, ka toshe ƙarshensa da yatsa, ka kai cikin farin baho. Kada bahon ya zauna a ƙasa can. Ɗora shi a kan kujera, ya zama tazarar santimita 30 zuwa 40 ce tsakaninsa da saman ruwan tankin, domin idan tazarar ta yi yawa ruwan zai riƙa fizgarsu da ƙarfi. Ka fara zuba ruwan tankin kamar yatsa uku a bahon, bakin tiyon ya kasance a nutse. Daga nan sai ka kai bakin kusa da ɗan, ka ɗaga yatsa, ya wuce, ka mayar da yatsa. Bai taɓa iska ba, babu abin da ya goge shi.

Aibinsa shi ne cin lokaci da ciwon baya, tankin lita 60 zai iya cinye maka awa guda ko fiye. Guntun ganye yana toshe shi. Jatan landen da kuma ya wuce rabin santimita kada ka gwada shi a ciki, zai maƙale a tsakiya. Duk da haka, a kan yara mu tiyo muka zaɓa, ba ma tantama.

Wasu za su ce maka ka kafa tarko: a yanke wuyan gorar ruwa, a juya shi ciki, a huda 'yan ramuka, a sa dafaffen alayyahu, a bar shi awa biyu zuwa uku. Yana rage manya da matasa sosai. Jarirai ba sa zuwa.

Abin da ya fi raga da tiyo kwashe yara shi ne kayan tankin kansu, kuma nan ne tsarin aikin yake da muhimmanci. Kada ka ba su abinci ana gobe tashi. Ranar aiki ka kashe hita da matata, kafin ka taɓa komai ka zuƙe lita 30 na ruwan sama mai tsabta cikin jarkoki, bakin tiyon a rufe da soso. Wannan ruwan shi za ka fara zubawa a sabon gida. Sai ka bi gansakuka, itace da soson matata ɗaya bayan ɗaya: ka zura leda ko roba cikin ruwan, ka tura abin ciki, ka ɗago shi da ruwansa. Kada ka matse soson, kada ka bar shi ya bushe, domin ban da yaran da ke jikinsa, a nan ƙwayoyin halittar da ke cinye amoniya, gubar da ke fitowa daga kashinsu, suke zaune. In matatarka mai rataya ce ko ta waje, buɗe ta ka duba, sau da yawa akwai yara a ciki suna rayuwarsu.

Bayan haka manya da raga, sannan ka rage ruwan zuwa santimita 4 ko 5, ka shiga aikin tiyo. Tsakuwa ce ƙarshe, saboda tona ta yana tayar da ruɓaɓɓen datti. Ragowar ruwan mai laka kada ya tafi magudana. Zuƙe shi cikin farin bahon, ka bar shi minti 20 zuwa 30 ya kwanta, ka haska tocila ta gefe. Za ka ga 'yan ɗigo suna tafiya a kan lakar, idanunsu biyu baƙaƙe. Sirinji marar allura da aka yanke bakinsa ya yi faɗi ya isa ɗaukarsu. Kuma kada a ɗaga tankin da ruwa da tsakuwa a ciki, mahaɗar gilashin na iya buɗewa.

Yanayin ƙasar nan shi ma a yi masa tanadi. Waɗannan halittu sun fi jin daɗi a zafin digiri 22 zuwa 26, idan ya haura 30 sun shiga haɗari, mota kuwa da ta kwana ta wuni a ranar Jidda ta wuce haka nesa. Ka yi jigilar bayan Isha ko da Asuba, mukayyif (na'urar sanyaya iska) a kunne, robar da suke ciki a cikin kula, da dunƙulen gansakuka da za su riƙe kada ruwa ya yi ta jifa da su. Bokitin da ya taɓa ganin sabulu ko bilicin Clorox ba ya cikin wannan aiki. Abin da muka fi jin tsoro shi ne feshin kyankyaso da ake yi wa shiƙƙa kafin sababbin masu haya su shiga. Maganin ƙwari ɗan kaɗan yana ƙarar da tanki gaba ɗaya. Ka tambayi mai gida ko an yi, in an yi a buɗe tagogi na kwanaki, a goge wurin da tankin zai zauna.

Ruwan sabon gida ma kada ka amince masa kai tsaye. Na tankin saman bene da rani zafi yake fitowa, na wayit (motar tankar ruwa) kuma ba lallai ya yi daidai da wanda suka saba ba. Ka tara shi tun ana gobe tashi ya huce a ɗaki, ka sa maganin kulorin (Seachem Prime mililita 5 ne ga lita 200), ka auna shi da na tsohon gida idan kana da alƙalamin TDS, mai auna yawan abin da ya narke a ruwa. Canjin ruwa na farat ɗaya yana tilasta musu saɓa ba lokacinta ba, sai bayan kwana biyu ko uku ka fara ganin gawarwaki, wasu da farin zobe a bayan kai. Maganinsa ɗigo: ka ƙulla tiyon nan naka ƙulli sako-sako, ruwan tankinsu ya riƙa sauka cikin robarsu ɗigo 2 zuwa 3 a daƙiƙa har ruwan ya ninka, bambancin zafi kada ya wuce digiri 2. Sauran lita 30 da suka rage ka cika su a hankali cikin kwana biyu zuwa uku.

Bahon lakar nan ka tafi da shi ko ka juye a jarka, ka sa masa dutsen iska, wanda ake haɗawa da famfon iska ya riƙa fitar da kumfa, ka riƙa haska shi safe da yamma har kwana uku. Abinci kuma sai kwana na biyu, shi ma ɗan kaɗan, abin da za su cinye cikin awa biyu.