Leda, kafet ko tayil: wanne ya kamata a shimfiɗa a ɗaki?

Kafin ka tafi kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Sabon Gari a Kano neman abin shimfiɗar ɗaki, tambayoyi biyu za ka fara amsa wa kanka: gidan naka ne ko haya kake yi, sannan yaya lafiyar daɓen da ke ƙasa? Mutane da yawa sukan tsallake waɗannan su tafi kai tsaye wajen zaɓen launi da zane, shi ya sa ake ganin kuɗi masu kauri sun narke cikin shekara guda.

Ledar ɗaki ita ce mafi araha, ita ce kuma rufin asirin ɗan haya da amaryar da iyayenta ba su da ƙarfi. Da yadi ake sayar da ita, faɗinta kuwa yakan kai ƙafa 6 ko ya ɗan haura, don haka ɗaki mai ƙafa 12 tsawo, 12 faɗi, falle biyu zai ci, wajen yadi 8 ke nan. Tsumma da ruwa sun isa gyara ta, yaro ya yi fitsari ko ya zubar da koko ba tashin hankali. Sai dai leda ba ta rufa wa daɓe asiri. Duk wani rami ko tsakuwar da ta ɗago, ƙafa za ta bi ta kansa kullum har wurin ya huje. Ƙafar gado da ta kujera ma suna yanka ta, garwashin turaren wuta kuwa ko ɗaya ya faɗo ya bar tabo ke nan. In za ka saya, lanƙwasa gefenta da yatsu ka gani: wadda ta yi farin layi ko ta tsage a nan take, bar wa mai shago kayarsa. Mai kaurin ta fi tsada, amma sirirar ba ta kai damina biyu a ɗakin da ake da yara. Kuma kada a manne ta da gam gaba ɗaya in gidan haya ne. A kama bakin ƙofa da mahaɗar kawai, ranar tashi a naɗe a tafi da ita.

Kafet shi ne wanda nake yawan hana mutane, musamman irin wanda ake malalawa bango zuwa bango. Ranar da aka shimfiɗa shi babu abin da ya kai shi kyau, ga laushi, ga ɗumi a lokacin sanyi. To amma ƙasarmu ƙasar ƙura ce. Daga Nuwamba har zuwa Fabrairu iskar hunturu tana shigo da ƙura ta kowace kafa, kafet ya shanye ta, tsintsiya kuwa sama-sama take ɗauka. Gidan da ke da mai asma ko jariri mai rarrafe, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Da damina kuma in ƙasa tana tsattsafo da danshi, sai ɗaki ya ɗauki wani wari da turare ba ya kashewa. Wanda ransa ke son kafet ya sayi ƙarami na tsakiyar falo, wanda za a iya fitarwa tsakar gida a kakkaɓe a shanya a rana. Wannan a kan leda ko a kan tayil duk yana zama, kuma shi ma dukiyarka ce da za ka tashi da ita.

Tayil kuwa sai an zauna an yi lissafi, domin kuɗin katan ɗin da mai shago ya faɗa maka ba shi ne kuɗin aikin ba. Akwai siminti, yashi, abin cike tsakani, kuɗin mota, ladan mai ɗaurawa, da wanda za a yanka a zagaye gindin bango. Ɗakin nan mai ƙafa 12 da 12 ya kai murabba'in mita 13 da ɗan ɗoriya. Tayil mai santimita 60 da 60 yawanci guda 4 ne a katan, wato murabba'in mita 1.44. Ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, ka ga katan 11 kake nema. Kada ka yi ƙoron wannan ƙarin. Masana'anta na gasa tayil rukuni-rukuni ne, kuma ko zane ɗaya ne launin yakan ɗan bambanta. In ya yanke maka ka koma bayan wata guda, da wuya ka dace da irinsa sak. Duba lambar da ke jikin katan ka tabbatar duka ɗaya ce.

Za a nuna maka na Sifen, na Indiya, na Sin, da na gida Najeriya, irin wanda ake yi a Ajaokuta ta jihar Kogi. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 na waje ya yi nisa da aljihun talaka, kuma gaskiya ɗakin kwana ba ya buƙatarsa. Na gida mai kyau ya wadatar. Abin da ya fi sunan ƙasa muhimmanci shi ne ƙarfin gashinsa. Juya bayan tayil ka ɗiga masa ruwa: wanda ya tsotse nan da nan mai taushi ne, ya fi dacewa da bango ko wurin da ba a yawan takawa, wanda ruwan ya tsaya a kansa shi ne na falo da hanyar wucewa. Ka kuma haɗa guda biyu fuska da fuska, in suna rawa to a karkace suke, kuma mai ɗaurawa ko gwani ne ba zai iya daidaita su ba.

Akwai abin da ke damuna ƙwarai game da tayil mai sheƙi. Ana sa shi a banɗaki da wurin alwala saboda ƙyalli, alhali da ruwa ya taɓa shi santsi ne zalla. Tsoho ya zame a irin wannan wuri ya karye a ƙugu, jinyar ta fi kuɗin tayil ɗin gidan duka, wani ma ba ya sake tashi. Banɗaki, kicin da baranda, a nemi mai kaushi, ko da bai burge ido ba.

In an gama ɗaurawa, kafin ka biya cikon kuɗin aiki, ɗauki makulli ka bi kana ƙwanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi ƙara kamar ganga akwai rami a ƙarƙashinsa, shi ne zai fara fashewa. A ɗaga shi a sake tun mai aikin yana nan. Abin cike tsakanin kuma a zaɓi mai ɗan duhu, fari ba ya jimawa yake komawa ruwan ƙasa.

Saura wanda gidansa ne amma kuɗin tayil bai samu ba tukuna. Kada ya ci bashi a kan haka. Kakanninmu da tsakuwa da makuba suke daɓe ɗaki, ya yi shekaru yana ƙyalli. Yau ma in aka samu magini mai hannu ya zuba siminti isasshe, ya goge shi sumul, aka riƙa yayyafa masa ruwa har mako guda don kada ya tsattsage, to ɗaki ya zaunu da tabarma ko darduma. Leda a kan irin wannan daɓe takan ninka kwananta, ranar da hali ya samu kuma sai a sassare fuskarsa a ɗora tayil a kai, ba sai an fasa an sake sabon aiki ba.